Shekarar da Jemagu Suka Tsallake Gidanmu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama daga cikin ka. Akwai fuskokin da na sani sarai a da, waɗanda yanzu sai an tuna mini da su. Akwai gonakin da na noma da hannuna, waɗanda ba zan iya nuna iyakarsu ba a yau. Amma damina guda tana nan daram, kuma ba za ta gushe daga zuciyata ba har ranar da za a kai ni makwancina. Ita ce daminar da jemagu suka tsallake gidanmu, suka je suka sauka a gidan taubashina.

Na san ɗan birni zai yi murmushi, ya ce mene ne abin tayar da hankali don jemage ya sauya wurin kwana. To, sai ya yi haƙuri in yi masa bayani, domin wanda bai san gidanmu ba, ba zai gane girman abin da ya same ni ba.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Kademi, a ƙasar Gaya. A bayan gidan akwai maɗatai manya, dogaye, masu duhuwa, waɗanda ko kakana bai san wanda ya dasa su ba. Kowace shekara, idan damina ta kankama, jemagu sukan zo su cika su. Ba ina nufin ƙananan nan da ke maƙalewa a rufin soro suna farautar sauro da ƙwari ba. A'a, manyan nake nufi, masu wuya ruwan ɗorawa da fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, waɗanda ba su cin komai sai 'ya'yan itace da zaƙin fure. Daga kudu suke tasowa, daga ƙasashen kurmi, matan cikinsu ɗauke da 'ya'yansu manne a ƙirji. Sukan rataya cunkus a kan juna har reshe ya sunkuya, su wuni suna ƙananan rigingimu da fifita da fukafukai, da magariba kuma su tashi gaba ɗaya neman abinci. Idan kaka ta yi nisa, sai a wayi gari wata rana a ji tsit. Sun koma inda suka fito.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini cewa babu duba a cikin wannan al'amari, babu camfi. “Jemage cikinsa yake bi,” in ji shi. “'Ya'yan itace suna bin ruwa, shi kuwa yana bin 'ya'yan itace. Allah ne ya tsara su a jere.” A ƙasarmu ruwan farko yakan yaudari manomi: a yi shuka, gero ya tsiro, sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi, iri ya tafi a banza. Saboda haka mutanen ƙauyenmu da na rugagen da ke kewaye ba sa buɗe rumbun iri sai babban gidanmu ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar asuba ya ce, “Baƙi sun sauka.” Kakana ya faɗi wannan kalma, mahaifina ya faɗe ta, ni ma na gaje ta. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa mata rawani. Amma maigari da kansa yakan tako har zaurenmu ya tambaya, kuma duk wanda ya san daɗin a tako a tambaye shi, ya san abin da nake faɗa.

Shi kuwa taubashin nawa, ɗan goggona ne. An aurar da ita ga wani mai shanu a wajen Toranke, a ƙasar Ajingi, can ta haife shi, can ta rasu. Tun da ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bisa wasan da muka gada ni ne ubangida, shi ne bawa. Gajere ne, mai faɗin baki, mai dariyar da ake ji daga bayan gari. Ya kwashe mini huluna ba adadi, ya taɓa kora mini rago a gaban idona ya ce na hakkin bauta ne. Kuma kowa ya san ƙa'ida: taubashi ya faɗi abin da ya ga dama, ya ɗauki abin da ya ga dama, wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya.

Bazarar wannan shekara ta yi tsanani ƙwarai. Ciyawa ta ƙare, kara ya ƙare, shanu suka rame har sai an kama wutsiya an taimaka wa saniya ta miƙe. Wata safiya ina zaune a zaure sai ga shi ya faɗo, da 'ya'yansa magidanta a bayansa, kowa da gatari a kafaɗa.

Ya durƙusa irin durƙuson tsokana, ya ce, “Ranka ya daɗe, ubangidana. Bawanka ya zo da yunwa.”

Na ce, “Yaushe ka taɓa zuwa da wani abu ban da ita?”

Ya ce, “Ta yau ba tawa ba ce, ta shanu ce. Ganyen maɗacin nan na bayan gida nake so. In ka hana, in koma in gaya wa duk Ajingi cewa ubangidana ya talauce, har ganye yake ƙirgawa.”

A bazara maɗaci yana cikin itatuwan da ba su rabuwa da ɗanyen ganye, kuma makiyaya sun daɗe suna saran rassansa su ceci dabbobinsu. Uwargidana, wadda ta kawo masa fura, ta tsaya a bakin ƙofar ciki ta ce a hankali, “Malam, maɗatan ne fa.” Na ji ta sarai. Amma mutum kamata ba ya hana ɗan goggonsa ganye a gaban 'ya'yansa. Na ɗaga hannu na ce, “Ku rage kaɗan ta gefe.” Sa'an nan na sa rigata na tafi Gaya ɗaurin aure.

Da na dawo da la'asar, na zagaya bayan gida, sai na tsaya. An aske maɗatan nan ƙwal. Babu abin da ya saura sai manyan rassa tsirara, sun miƙe sama kamar hannuwan masu roƙo. Rana tana dukan wurin da ban taɓa ganin ta taɓa ba tun ina yaro. Shi kuwa ya riga ya loda amalanke ya yi gaba, ya bar mini sallahu cewa shanu suna gaisuwa. Na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce a raina, wanda ba shi da itace ne ya zo wurin mai itace, kuma wannan ma girma ne.

Ruwan farko ya sauka. Na ce a dakata, aka dakata. Bayan 'yan kwanaki aka yi na biyu, mai nauyi, irin wanda ke ratsa ƙasa har ta yi ƙamshi. Kowace safiya nakan fita bayan gida in ɗaga kai. Maɗatan sun fara fitar da toho ja-ja, amma babu inuwar da ko kurciya za ta fake. Babu kuka, babu wari, babu komai. Mutane suka fara gaishe ni da wata irin gaisuwa mai tsawo, suna jira ko zan ƙara wani abu bayan “lafiya lau”. Ban ƙara ba.

Ranar kasuwar Gaya na shiga rumfar wani mai hatsi na zauna. Akwai wani baƙo a wurin, mutumin wajen Ajingi, wanda bai san ko ni wane ne ba. Yana auna dawa yana ba da labari.

“Ai mu bana Allah ya yi mana gyaɗar dogo,” in ji shi. “Jemagu sun sauka a Toranke, wurin wani mai shanu, gajere haka, mai dariya. Ba mu taɓa ganin irinsu ba, sai ka ce an zuba su da kwando. Tsofaffi suka ce alamar ruwan gaskiya ce, duk mun yi shuka. Yanzu haka ƙofar gidansa kamar fada. Har an fara ce masa Sarkin Jemagu.”

Mai rumfar ya yi ta ƙifta masa ido, bai gane ba. Ni kuwa na ji kamar an ɗora mini garwashi a tsakiyar ƙirji. Sarkin Jemagu! Gidanmu ya yi zamani bayan zamani yana haƙuri da warinsu da kukansu da kashinsu a kan shanya, ba wanda ya taɓa kiran ɗayanmu sarki. Shi kuwa, wanda bai san bambancin jemage da mujiya ba, daga saukarsu har ya sami suna. Abin da ya fi ci mini rai, daga kudu suke zuwa, Toranke kuwa tana arewa da mu. Ashe ta kan gidana suka bi. Sun leƙo, sun ga abin da aka yi wa masaukinsu, suka wuce.

Labari ya riga ni isa gida. Da yamma maigari ya zo zaure, ya zauna, ya daɗe yana gyara bakin tabarma kafin ya yi magana.

Ya ce, “Malam, an ce baƙi sun sauka a wajen Ajingi. Jama'a suna tambaya ko su fita da iri.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, waɗancan ba namu ba ne. 'Yan wucewa ne, sun gaji sun ya da zango. Namu suna tafe. Gidan nan ba a taɓa karɓar labarin shuka daga bakin 'yan kasuwa ba.”

Ya dube ni, ya ce, “To, Malam, kai ka sani.” Ya tashi. Har gobe ina ganin maganata tana da hujja, domin ban gan su da idona ba, kuma mahaifina bai taɓa faɗin abin da bai gani ba. Sai dai ba wannan ne ya ɗaure mini harshe ba. Abin da na kasa shi ne in tsaya a ƙofar masallacin da kakana ya gina, in aika jama'ata gona da jemagun wani.

Aka sake yin ruwa. Gonakin ƙauyukan da ke maƙwabtaka da mu suka yi kore, namu suna kwance jajur. Gero kuwa ba ya jiran kowa. Idan ya makara, ruwa yakan ɗauke ya bar shi da kai babu ƙwaya. Uwargidana, wadda ba ta saba sa baki a al'amarin maza ba, ta ajiye mini tuwo ta ƙi tashi.

Ta ce, “Malam, ƙasa tana shan ruwa, iri yana cikin rumbu. Gidaje nawa ne ke kallon bakinka? In ba ka yarda da kunnenka ba, ka je ka gani da idonka.”

Washegari na sa babbar rigata mafi tsada, na naɗa rawani, na hau bayan babur. In za a ƙasƙanta ni, gara a ƙasƙanta ni cikin shiga ta mutunci. Na daɗe rabona da Toranke, tun rasuwar goggo, domin a ganina bawa ne ke zuwa gaida ubangida.

Tun kafin mu isa na ji su. Kukan nan da na tashi da shi a kunnena, mai kama da kasuwa ta cika ana ciniki, shi ne ke fitowa daga wani kwari a bayan gidansa. Na sauka na taka. Ga maɗatai sun yi layi, ba su kai namu kauri ba, amma lulluɓe suke da ganye tun daga ƙasa har sama, ga baure da darbejiya a tsakaninsu. Babu sawun gatari ko ɗaya. Kowane reshe ya yi nauyi da jemagu. Na ga uwa ta lulluɓe ɗanta da fiffike, na ga waɗansu suna ture juna a kan wurin rataya, na shaƙi warin nan da a da nake ƙorafi a kansa, sai idona ya ciko. Ban san ana kewar wari ba sai ranar.

Yana zaune a kan kujera a bakin kwarin, mutane kewaye da shi a kan tabarmi, kuma hular da ke kansa tawa ce. Da ya hango ni sai ya fashe da dariya, ya taso da gudu.

“Lale, lale da ubangidana! Ku matsa, ku matsa, mai su ya zo duba dukiyarsa! Ranka ya daɗe, ka ga ba su rame ba ko?”

Na ja shi gefe, na ce da murya ƙasa-ƙasa, “Kana da wannan duka a bayan gidanka, ka ɗauki gatari ka je ka aske nawa?”

Ya ce, “Haba, ubangidana, ina amfanin ubangida in bawa zai ci nasa?” Ya ga ban yi dariya ba, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Yaya, zo ka gani.” Ya kai ni gindin wanda ya fi girma, ya dafa shi. “Inna ce ta dasa su. Da aka kawo ta nan, a ƙullin zane ta zo da 'ya'yan maɗacin gidanku. Ta ce damina ba ta yi mata kama da damina in ba ta ji kukan jemagu ba. Ta yi ta ba su ruwa da tulu, ta yi ta jira, har ta rasu ba su zo ba. Kafin ta cika ta ce mini ko shanu za su ƙare kada in sa wa itatuwan nan ƙarfe. Bauren kuwa ba wanda ya shuka shi, jemagun ne suka riƙa yar da irin in sun ratsa ta sama.”

Har yau ban yanke hukunci ba ko ya san abin da zai biyo baya ranar da ya zo da gatari. Wani lokaci in ce bai sani ba, wani lokaci in tuna faɗin bakinsa in ce ya sani.

Rana ta yi ja. Kukan ya ƙaru, rassa suka fara motsi, sai suka soma sakin kansu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan gaba ɗaya, har sama ta yi duhu. Suka yi ta kewaya kwarin, kana suka rarrabu. Waɗansu suka yi gabas, waɗansu yamma, amma babban ayarin ya miƙe kudu sak, kamar kogi a sararin sama. Wanda bai san su ba zai yi mamaki, amma jemage yakan yi tafiyar da za ta gajiyar da mai jaki don cin dare guda, kuma ya komo kafin gari ya waye.

Taubashina ya nuna su da sanda. “Ka san inda za su? Gidanka. Durumin ƙofar gidanka, da cediyar tsakar gida, da furen kukokin gonarka. Mu nan ba mu da abin da zai ishe su. Kai ne mai ciyarwa, ranka ya daɗe, ni mai masauki ne kawai.”

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Su ci a gidana, su kwana a gidansa, a kira shi sarki!

Ya rako ni har wurin babur. A nan, da ba kowa kusa, ya ce, “Yaya, mutanenka sun yi shuka?” Na girgiza kai. Ya ce, “Ruwan nan na gaskiya ne. Kada ka bar su suna jiran reshen da ni na sare.”

Da na isa gida na gaya wa uwargida abin da na gani. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai ta daɗe tana share tuƙar 'ya'yan cediya kowace safiya a tsakar gida, irin wadda suke tsotsewa su tofar. “Na so in nuna maka, Malam,” in ji ta, “amma kullum kanka yana sama, ba ka duban ƙasa.”

Da aka idar da sallar asuba na fito na tsaya inda mahaifina ke tsayawa. Jama'a suka taru, ba wanda ya sa takalmi. Na gyara murya na ce, “Baƙi sun sauka.”

Aka yi hamdala. Amma maigari, wanda ba ya barin magana a rufe, ya ce, “Alhamdu lillahi. A ina, Malam? Mun duba bayan gidanka jiya, ba mu ga komai ba.”

Na taɓa ɗaukar buhun gero a ka, na taɓa ɗaukar makarar mahaifina, amma ban taɓa ɗaukar abin da ya kai kalmar nan nauyi ba. Na ce, “A Toranke.” Jama'a suka dubi juna. Na ɗaga kai na ƙara da cewa, “Ajiya na ba bawana.”

Wani tsoho ya fara dariya, saura suka bi. Kafin rana ta ɗaga, sungumi yana ta sara a kowace gona. Geron shekarar ya yi, amma ya makara, kuma masu gonakin tudu ba su cika rumbu yadda suka saba ba. Babu wanda ya taɓa faɗa mini wannan a fuska. Ba sai an faɗa ba.

Maɗatan gidanmu sun mayar da rassansu bayan shekaru, kuma wani ɗan ayari yakan sauka a kansu, waɗanda nake zaton ba su sami wuri a can ba ne. Babban taron yana Toranke har yau. Maigari yana nan yana takowa zaurena don kara, amma na san samari sun riga sun buga waya can sun ji. Shi kuwa taubashina, kowace shekara sai ya aiko mini da buhun kashin jemage, tare da saƙon cewa ga abincin gidana nan ya dawo mini da shi. Nakan zage shi a gaban ɗan aiken, in sa a zuba takin a gona. Babu geron da ya kai nawa kyau a ƙauyen, kuma ba zan taɓa gaya masa ba.

Da damina nakan zauna a ƙofar gida bayan magariba in ga suna isowa daga arewa, su sauka a durumina, su ci su ƙoshi, su koma wurinsa. Ba zan yi ƙarya in ce ƙirjina ya daina zafi ba. Amma na koyi abin da ya kamata in koya. Girman da ya rataya a ƙafar mai fiffike ba gado ba ne, aro ne, kuma yana zama ne inda aka bar masa inuwa. Idan kuwa ya tashi, mutum ya ji haushinsa shi kaɗai a cikin zaurensa, kada ya bari haushin ya kwana a kan rumbun irin jama'a. Abu na ƙarshe da na koya ya fi sauran sauƙi: taubashi ya ɗauki hula, ya ɗauki rago, amma in ya zo da gatari, ba na zuwa ɗaurin aure.